Mariƙin Sandar Golf: Tsaftarsa da Kiyaye Shi a Ƙasar Zafi da Ƙura

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin golf, a Kano ne ko Kaduna ko Zariya, ko kuwa ya kalli wasan a talabijin yana zaune a gidansa a Gusau, abin da yakan fara ɗaukar masa hankali shi ne ƙyallin ƙarfen da ke kan sanda, da ƙarar bugu, da nisan da 'yar farar ƙwallon nan take yi cikin iska kafin ta sauka. Da wuya a sami mai lura da baƙar robar da aka sanya wa sandar daga sama, wadda tsawonta bai wuce taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba, nauyinta kuwa giram 50 ne ko kusa da haka, alhali a jikin sandar duka babu wani wuri da hannun ɗan Adam yake taɓawa a lokacin bugu sai ita. Wannan shi ne mariƙi. Shi ne mafi araha a cikin sassan sanda, shi ne mafi saurin lalacewa, shi ne kuma wanda masu sanda suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, har ka ga mutum ya zuba dukiya mai yawa ya sayi sanduna na alfarma, yana goge kawunansu kullum suna sheƙi, amma shekara ta zagayo bai taɓa sa wa mariƙinsu ruwa da sabulu ba.

Nufinmu a wannan maƙala shi ne mu bayyana wa mai karatu, ko ɗan wasa ne ko mai ɗaukar jakar 'yan wasa ko mai sha'awar ilmi kawai, dalilin da ya sa wannan ɗan abu yake da muhimmanci haka, da illolin da yanayin ƙasarmu yake yi masa fiye da yadda ake gani a ƙasashen da ake ƙera shi, da kuma hanyar wanke shi da adana shi da sauya shi idan wa'adinsa ya cika.

Asalin wasan da isowarsa Arewa

Masana tarihi sun haɗu a kan cewa golf, wanda wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu, a ƙasar Sikotlan ya girma ya kama siffar da aka san shi da ita yau. Tun a shekarar 1457 ya riga ya shiga zukatan mutane har Sarki James na Biyu ya sa aka yi dokar hana shi, domin yana shagaltar da samari daga koyon harbin baka, wanda a wancan zamani shi ne garkuwar ƙasa. A 1744 aka fara rubuta ƙa'idodinsa a Leith, kusa da birnin Edinbara, a 1764 kuma filin St Andrews ya tsaya a kan ramuka 18, sauran duniya ta bi. Maƙasudin wasan bai da wuyar fahimta: a buga ƙwallo daga mafari har ta faɗa wani rami mai faɗin milimita 108, wanda ya yi haka da mafi ƙarancin bugu shi ne ya yi rinjaye, kuma ba a halatta wa ɗan wasa ya shiga fili da sanduna fiye da 14 ba.

Turawan mulki da 'yan kasuwarsu da masu haƙar kuza su suka kawo wasan Nijeriya. Filin Rayfield na Jos ana lissafa shekarunsa daga 1913, na Kaduna daga 1921, ga na Kano da na Zariya waɗanda su ma sun ga jiya sun ga yau, ga kuma na Ikoyi a Legas inda aka riƙa yin babbar gasar Nijeriya da aka fara a 1969, wadda Sandy Lyle ya ci a 1978, Vijay Singh kuma ya ci a 1988, tun kafin sunayensu su game duniya. Sarakunan Arewa dai ƙwallon dawaki suka fi runguma, musamman gidan Katsina na Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo, golf kuwa ya zauna a hannun manyan ma'aikata da hafsoshin soja da attajirai. Ta nan ne ya shafi mutanen Zamfara, domin akwai 'ya'yanmu da aiki ya kai Kaduna ko Abuja suka koyi wasan, waɗanda kan taho gida ta hanyar Funtuwa da Tsafe da jakar sanduna a bayan mota, akwai kuma samari da neman halal ya kai su filayen nan suna ɗaukar jaka, kuma sananne ne cewa da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan wasan Nijeriya daga ɗaukar jaka suka fara. Mafi yawan sandunan da ke hannun mutanenmu na gwanjo ne, sun riga sun yi aiki a wata ƙasa kafin su iso, sabon mariƙi kuwa daga waje ake shigo da shi da kuɗin ƙetare. Saboda haka duk watan da aka ƙara wa tsohon mariƙi na rayuwa, riba ce a aljihun mai shi.

Daga fata zuwa roba

A da jikin sanda na itace ne, galibi wani ice mai ƙarfi na Amurka da ake kira hikori, mariƙi kuwa sai a fara naɗa ƙyallen ulu a kan icen, sa'an nan a kawo tsirin fata a naɗe shi a karkace daga sama zuwa ƙasa, a ɗaure bakinsa da zare mai kakin zuma ko kwalta. Da aka halatta jikin ƙarfe, a Amurka a 1924, a St Andrews kuma a 1929, fata ta ci gaba da sarautarta, har ma kamfanin Lamkin, wanda aka kafa a Chicago a 1925, da fatar ya fara sana'arsa. Canji ya zo ne ta hannun wani injiniya mai suna Thomas Fawick, wanda ya kafa kamfanin Golf Pride a 1949. A 1953 suka fito da mariƙin roba wanda ake zura wa sanda kamar kube, ba sai an naɗa ba, da Tommy Bolt ya ci babbar gasar Amurka da irinsa a 1958 kuwa, sai jama'a suka sallama, fata ta koma hannun ƙalilan masu son tsohon yayi.

Yau mariƙi iri huɗu ne a kasuwa, kuma wajibi ne mai sanda ya san wanne ke hannunsa tun kafin ya ɗebo ruwa, domin hukuncin wankinsu ba ɗaya ba ne. Akwai na roba zalla, shi ne ya fi yawa. Akwai na roba da aka cusa wa zaren auduga, irin amfanin gonar da ƙasar Gusau da Funtuwa suka yi suna da shi, wanda yake da kaushi a hannu amma yana shan gumi, ya fi dacewa da mai zufa da kuma lokacin damina. Akwai mai laushi kamar soso, wanda kamfanin Winn ya yaɗa a shekarun 1990, mai daɗin riƙo ga tsofaffi da masu ciwon gaɓoɓi, sai dai fatar bayansa siririya ce ba ta jure gurza. Na huɗu shi ne na fata.

Dalilin da ya sa santsi yake ɓata bugu

Akwai wata ƙa'ida a dokokin wasan wadda duk wanda ya fahimce ta ya fahimci mas'alar baki ɗaya. Doka ta shar'anta cewa mariƙi ya kasance kewayayye, in banda na sandar da ake gangara ƙwallo rami da ita, kuma ta haramta a yi masa gurbin da yatsu za su shiga su zauna. Ma'anar wannan ita ce, ɗan wasa ba shi da wani abin dogaro da zai hana sanda kuɓuce masa sai kamun da ke tsakanin fatar hannunsa, ko safar hannunsa, da fuskar robar. To, kan sandar ƙwararre a lokacin da zai sadu da ƙwallo yana gudun da ya kai kilomita 180 a sa'a, na matsakaicin ɗan wasa kuma wajen 150, saduwar kanta kuwa ba ta wuce kashi ɗaya cikin 2,000 na daƙiƙa ba. Idan fuskar sandar ta karkace da digiri 2 kacal a wannan ƙiftawar, ƙwallon da aka nufa da wuri mai nisan mita 200 za ta kauce da mita 7 ko fiye, ta faɗa ciyawa ko rairayi.

Illar ba ta tsaya nan ba. Jikin mutum yana da wata hikima da Allah ya halitta masa, cewa da zarar hannu ya ji abin da yake riƙe da shi yana shirin zamewa, sai yatsu su ƙara damƙa ba tare da shawarar mai su ba. Idan yatsu suka damƙe, jijiyoyin damtse su sandare, wuyan hannu ya ƙi lanƙwasa, alhali saurin kan sanda daga sakin wuyan hannu yake samuwa. Da haka mutum zai wayi gari bugunsa ya rage nisa, tafinsa ya yi kanta, gwiwar hannunsa tana ciwo, ya shiga zargin shekarunsa ko malaminsa ko sandar kanta, ba tare da ya gane cewa a hankali robar ta riƙa mutuwa a hannunsa har ya saba da mutuwarta ba. Manomin Karakkai ko na Kwatarkwashi yana alfahari da ƙotar fartanyarsa idan ta sha hannu ta yi sumul tana ƙyalli, kuma yana da gaskiya, domin ice gumi yana gyara shi, noma kuma yana son ƙota ta riƙa gudu a tafi. Mariƙin golf kuwa akasin haka ne, ranar da ya fara ƙyalli ranar ya fara barin aiki.

Abokan gabarsa a ƙasarmu

Na farko gumi ne, wanda yake ɗauke da gishiri da maiƙon jiki. Ruwan yakan bushe, amma gishirin da maiƙon su zauna cikin 'yan ramuka da zanen da aka yi wa robar domin kamu, su cike su. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a Gusau da kewaye yake kai digiri 40, wasa ɗaya na sa'o'i huɗu ya isa ya bar wa mariƙi abin da a ƙasar sanyi sai an yi wasa da yawa kafin a tara.

Na biyu ƙurar hunturu ce, wadda laushinta ya kai ta shiga jaka ko da an rufe, ta haɗu da maiƙon da ta tarar ta zama wani siririn dauɗa mai santsi. Na uku kuwa, wanda mutane ba su cika zarginsa ba, shi ne man da muke shafawa domin kare kanmu daga wannan hunturun. Basilin daga ɗanyen man fetur ake samo shi, roba kuwa ba ta shiri da maiƙon da ya fito daga fetur, yakan shige ta ya kumbura ta ya sassauta ƙarfinta. Man kaɗanya da sauran mayukan shafawa su ma suna barin santsi, haka nan maiƙon tsire ko ƙilishi da aka ci a tsakiyar wasa aka koma fili ba a wanke hannu ba. A kan wannan akwai wata mas'ala ta musamman ga filayen ƙasar nan: saboda ƙarancin ruwa, tun zamanin Turawa ba ciyawa ake shukawa kewaye da rami ba a yawancinsu, rairayi ake cuɗawa da baƙin mai a baje a daddaɓe, kuma har yau akwai filayen da ba su rabu da wannan ba. Duk sa'ad da ɗan wasa ya sunkuya ya ɗauki ƙwallonsa daga irin wannan wuri, ya ɗebo mai a yatsunsa, kuma a kan mariƙi zai sauke shi.

Na huɗu rana ce da zafinta. Haskenta da iskar da muke shaƙa suna cin roba sannu a hankali har ta taurare ta tsattsage, zafi kuma yana gaggauta wannan aiki. Motar da aka rufe aka bari a rana cikinta yakan haura digiri 60, wanda ya isa ya dafa robar ya kuma sassauta mannen da ke riƙe da ita. Ɗakin janareta ma ba wurin ajiya ba ne, domin ban da hayaƙi da tururin mai, tartsatsin injin lantarki yana haifar da wata iska mai tsaga roba. Na biyar danshin damina ne, daga Yuni zuwa Satumba, wanda yake sa mariƙin fata furfura, ya kuma sa tsatsa a cikin jikin sandar ƙarfe idan ruwa ya sami hanyar shiga.

Yadda ake wanki

Kayan aikin ba su da tsada: bokiti, ruwa mai ɗumi, ɗan sabulun ruwa na wanke kwanoni, buroshi mai laushi ko tsohon buroshin haƙori, da tawul biyu masu tsabta. Sharaɗin ruwan shi ne ya kasance wanda hannu zai iya zama a cikinsa, domin tafasasshe yana narka mannen da ke ƙarƙashi, mariƙi ya fara juyawa a kan sanda. A guji garin wanki mai kaifi da ruwan bilic da fetur da kananzir, a kuma guji sabulun wanka mai maiƙo, wanda aka yi shi domin ya bar laushi a fata, laushin kuwa shi ne abin da ake gudu.

Kafin a fara, a dubi ƙarshen mariƙi daga sama, za a ga ɗan ƙaramin rami a tsakiya, wanda aka bari domin iska ta fita lokacin zurawa. Ta nan ruwa yake shiga cikin sanda, saboda haka kada a tsoma mariƙi cikin bokiti a bar shi ya jiƙa. A riƙe sandar kanta yana sama mariƙin yana kallon ƙasa, ko a toshe ramin da ɗan turken da ake ɗora ƙwallo a kai. Sa'an nan a kaɗa sabulu ya yi kumfa, a ɗebo kumfar da buroshi, a goge robar daga wannan ƙarshe zuwa wancan ana juya sandar, a dage musamman a wurin da manyan yatsu ke zama, domin nan dauɗa ta fi taruwa. Bayan haka a ɗauraye da ruwa mai tsabta har sai babu sauran sabulu ko kaɗan, domin sabulun da ya bushe a kan roba, da zarar gumi ya taɓa shi zai farka ya yi santsin da ya fi na dauɗar da aka wanke. A tsane da busasshen tawul, a jingine sandunan a inuwa inda iska ke kaɗawa har su bushe sarai kafin a mayar da su jaka. Wanda ya yi wannan a karon farko zai ga baƙin da ya fita a tawul, zai kuma ji ɗan danƙon da ya manta da shi ya dawo hannunsa.

Wannan hukuncin roba zalla ne da mai zaren auduga, har ma mai zaren yana karɓar buroshi mai ɗan ƙarfi. Amma mai laushin nan kamar soso, buroshi yana kware masa baya, idan ya kware kuwa ruwa ya shiga, ba ya gyaruwa. Tsumma mai laushi da aka jiƙa aka matse ya wadatar, a shafa a hankali, a tsane. Na fata shi ma ba a zuba masa ruwa, tsumma mai ɗan danshi kawai ake bi da shi, a shanya a inuwa, sau ɗaya ko biyu a shekara a shafa masa man gyaran fata ɗan kaɗan ƙwarai, a goge abin da bai shige ba.

Game da lokaci, abin da ya fi kyau shi ne a mayar da shi al'ada biyu, ƙarama da babba. Ƙaramar ita ce a goge kowane mariƙi da jiƙaƙƙen tawul bayan kowane wasa, tun gumi bai bushe ba, kuma a riƙe tawul daban domin hannu, kada a haɗa shi da wanda ake goge ƙasa daga kan sanda. Babbar ita ce wankin sabulu, sau ɗaya a wata ga mai wasa jefi-jefi, duk mako biyu ga mai wasa a kai a kai, musamman a hunturu da bazara. Sanduna 14 ba sa cin fiye da rabin sa'a. Kada kuma a manta da safar hannu da bakin jaka, domin safa mai dauɗa tana mayar wa mariƙi abin da aka cire masa, cikin jaka kuwa idan ba a juye shi an kakkaɓe ba, ƙasa takan taru a gindinsa, inda mariƙan suke tsayawa. Dokar wasa ta yarda ɗan wasa ya sa hoda ko wani abin busar da gumi a hannunsa, ko ya naɗa hankici a mariƙi idan ruwa ya sauko, sai dai duk abin da aka sa da rana a wanke shi da yamma.

Ajiya, da sanin ƙarshen wa'adi

Mafi alherin wurin ajiya shi ne cikin ɗaki mai inuwa, nesa da taga da murhu da janareta, jaka a tsaye, an rufe bakinta saboda ƙura. Wanda ya taho daga Kaduna ko Zariya da sanduna a bayan mota, ya sauke su da zarar ya isa gida, kada ya bar su su kwana biyu suna gasuwa. Idan ruwa ya doke su a fili, a fitar da su duka daga jaka, a tsane, a bar jakar ita ma ta sha iska.

Duk da haka, kowane abin da aka ƙera yana da ajali, wanki yana jinkirta shi ne kawai. Masu ƙera mariƙi suna ba da shawarar a sauya shi sau ɗaya a shekara, ko bayan wasa 40, duk wanda ya riga zuwa. Amma alamomin da ke jikinsa sun fi lissafin kwanaki gaskiya. Idan an wanke shi ya bushe amma ƙyallin bai tafi ba, ko aka danna farce aka ji tauri babu komawa, ko aka ga tsaga a bakinsa na ƙasa, ko wurin babban yatsa ya lotsa, ko yana barin baƙi a tafi, ko kuwa yana motsi idan an murɗa shi, to, ya gama hidimarsa. Na roba zalla da mai zare ana iya bin su da samfefa mai laushi a kankare matacciyar fuskar domin a sami 'yan makonni, amma wannan rance ne, ba biyan bashi ba.

Sauyin kansa aiki ne da mai natsuwa zai iya koya a yini guda. Ana ɗaure sandar a mamatsa da aka yi wa shimfiɗar roba, a tsaga tsohon mariƙi da wuƙa mai lanƙwasasshen baki, ana tura ta gaba nesa da jiki, tare da taka tsantsan ƙwarai idan jikin sandar ba na ƙarfe ba ne, na girafait ne, domin ƙarzane ɗaya yana iya zama sanadin karyewarsa daga baya. Sai a ɓare tsohon tef a share gurbinsa, a naɗa sabon tef mai manne fuska biyu, a toshe ramin sabon mariƙi, a zuba masa ruwan narka manne irin farin nan da masu fenti ke sirki da shi, a girgiza, a juye a kan tef ɗin, sa'an nan a zura mariƙin da turi ɗaya har ya kai maƙura, a daidaita zanensa da fuskar sanda cikin minti ɗaya kafin ya kama. A yi aikin a sarari, nesa da wuta da taba, kada a yi amfani da fetur, kuma a bar sandar ta kwana kafin a buga da ita. Wajen zaɓen kauri, mizanin da malaman wasan suke bayarwa shi ne, idan hannun sama ya riƙe sanda, kan yatsun tsakiya su ɗan taɓa tudun tafi. Idan suna nutsewa mariƙin ya yi siriri, sai a ƙara naɗin tef ko a nemi mai kauri, idan ba su kai ba ya yi kauri. A yi hattara da na jabu, waɗanda suke ɗauke da sunayen manyan kamfanoni amma suna taurarewa cikin 'yan watanni, domin araha ba ta ado.

Sana'a ce da ke jiran masu ita

A nan akwai fa'idar da ta wuce filin wasa. Ƙasarmu ƙasar fata ce tun fil azal: fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majema suke jemawa da bagaruwa, ita ce ayari ke ƙetare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, safar hannun golf mai daraja kuma da fatar tumaki masu gashi ake ɗinka ta, irin waɗanda ake kiwo a Habasha da ƙasashenmu masu zafi, dangin uda da balami da 'yankasa. Badukun da ya iya yanka tsiri ya feƙe gefensa ya naɗa ya ɗaure, ya riga ya mallaki rukunan aikin naɗa mariƙin fata, saura a nuna masa awo da ƙa'ida. Yaron da ke ɗaukar jaka kuwa, wanda ya fi kowa sanin halin kowace sanda domin shi ke miƙa ta, idan aka koya masa wanki da sauyi aka ba shi mamatsa da wuƙa da tef, ya sami abin yi a ranakun da babu wasa, kuma masu sanduna sun huta da aika kayansu nesa ko jiran mai zuwa daga waje.

Saboda haka muna kira ga shugabannin kulob-kulob na Kano da Kaduna da Zariya da Jos da su keɓe rana a kowane wata domin koya wa yaran filinsu wannan aiki, su kuma tsayar musu da ladan da ya dace a kan kowace jaka da suka wanke. Muna kira ga 'yan wasa, musamman namu na Zamfara da ke can, da su biya wannan lada da daɗin rai, su kuma jawo na bayansu cikin sana'ar. Malamanmu sun karantar da mu cewa dukiya amana ce a hannun mai ita, kuma almubazzaranci ba ya tsaya ga kashe kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, har da barin abu mai amfani ya lalace alhali ana da ikon kiyaye shi. Wanda Allah ya hore wa sandunan da kuɗinsu ya kai abincin wani gida na watanni, mafi ƙarancin godiyar da zai yi ita ce ya tsabtace su, ya kuma sa wani ya ci halal ta dalilinsu. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, babba da ƙarama, amin.